Gidan Hayan da Yaya Ya Gina a Ƙarƙashin Tebur

Yayana ya yi shekara goma sha ɗaya yana zaune a bayan taga ɗaya. Ba tagar shan iska ba ce, irin ta ofis ce, mai gilashi da wani rami a ƙasa da ake turo kwamfuta ta cikinsa. Kamfanin da yake wa aiki babba ne, bene hawa huɗu, kuma duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi, ko ya manta lambar sirrinsa, ko firinta ta cinye masa takarda, wannan tagar yake nufa. Yaya kuwa tun kafin ya ɗago kai zai tambaya, "Ka kashe ka kunna?" Da haka sunan ya bi shi. Daga mai gadi har manyan sama, Kashe-Kunna suke ce masa, har wasu sababbin ma'aikata ba su san yana da wani suna ba. Mu ma a gida idan tsokana ta motsa haka muke kiransa, sai dai ba a gaban Umma ba, don ita ta ce ba ta haifi makunnin wuta ba.

A ƙarshen barandar da tagarsa take akwai wata ƙofar ƙarfe mai toka-toka. Bayanta ne ɗakin sanyi, inda manyan injinan kamfanin suke jere a kan kantoci suna ƙifta fitilu. Mutum huɗu kaɗai ke da katin buɗe ta. Idan Yaya ya ɗan karkata hagu a kujerarsa yana hango ƙofar, kuma matarsa ta rantse cewa har kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka saboda wannan karkatar. Abin da yake so ke nan a duniya, ya bar taga ya shiga ɗakin nan. Ya ce a can da inji kake aiki, a taga kuwa da fushin mutane.

Shugabar ɗakin wata mata ce mara yawan magana, wadda ko ana zafi kamar me ba ta rabuwa da rigar sanyi, don haka kowa Mai Rigar Sanyi yake ce mata. Wata rana ya yi ta maza ya tare ta a baranda, ya nuna mata takardun kwasa-kwasan da ya yi. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa masa abinsa, ta ce karatu ya yi kyau, amma ita hannu take nema, hannun da ya saba ɓatawa ya gyara. Ta ce ya samu injinsa na kansa a gida, ya yi ta kashe shi yana tayarwa har abin ya daina ba shi tsoro.

To, a nan sai na ɗan yi muku bayani yadda shi ma ya yi mana, don mu ma da farko kallonsa kawai muke yi. Wai kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ana iya yanka cikinta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki a sa masa kwamfuta ta daban wadda ba ta da jiki, tana tashi tana aiki kamar ta gaske. Yaya ya ce mu ɗauka gidan haya ne, akwatin shi ne gida, waɗannan na ciki su ne 'yan haya. Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ko su 'yan hayan suna gaishe shi da safe.

Zaɓen akwatin nan sai da ya ci masa shekara ɗaya da rabi. Ba ku taɓa ganin mutum ya zaɓi abu kamar haka ba, ko lokacin neman aurensa bai yi rabin wannan binciken ba, kuma matarsa ba ta gaji da tuna masa ba. Duk Asabar yana shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka sallama, wanda ake kira Mai Tsofaffi. Shagon ƙarami ne, kwamfutoci jibge har rufi, sai wata 'yar hanya da mutum ɗaya zai bi a kaikaice. Yaya zai shiga da sukurudireba a aljihu, ya buɗe wannan, ya leƙa waccan. Wata ya same ta da ramin ƙwaƙwalwa biyu kacal, ya ce 'yan haya uku za su cika ta. Wata kuma komai ya yi, amma injin tunaninta tsohon yayi ne, ba ya karɓar haya sam. Akwai lokacin da ya mace a kan wani dogon inji irin na ɗakin sanyi sak, har ya fara auna ƙarƙashin gadonsu da igiya. Mai Tsofaffi kuwa jona shi kawai ya yi a wuta. Fankokin suka ɗauki ƙara kamar injin niƙa, har telan da ke maƙwabtaka ya fito da almakashi a hannu yana tambayar lafiya. Yaya ya tuna ɗaki biyu gare su, kuma Umma tana ɗayan. Ya naɗe igiyarsa.

Ranar da ya yanke shawara, abu biyu ne a gabansa. Ga wani baƙin akwati mai tsayi har gwiwa, ramin ƙwaƙwalwa huɗu, wurin faifan ajiya shida, fanka babba mai juyawa a hankali ba ka jin motsinta. Ga kuma wasu ƙanana guda biyu, kowace kamar kwalin takalmi, in an haɗa ƙarfinsu ma ba su kai babban ba. Mai Tsofaffi ya dafa ƙananan ya ce, "Ɗana, ɗauki waɗannan. Ɗaya ta ajiya, ɗaya ta ɓarna."

Yaya ya yi dariya ya ce shi ba shi da abin ajiya, duk na ɓarna ne, kuma babban zai ɗauki 'yan haya goma sha biyu bai ji ba. Dattijon ya tambaye shi ko yana da dangi. Ya ce yana da su mana. Mai Tsofaffi ya gyaɗa kai, ya shiga nemo masa kwali.

Matarsa malamar makaranta ce, kuma teburin da take gyaran jarrabawa a kai shi ne kaɗai a gidan. Ta ba shi ƙarƙashinsa, ta ce saman nata ne, idan kuma akwatin ya taɓa mata ƙafa za ta kai shi baranda. Nan babban akwatin ya zauna, kusa da soket ɗayan da ke aiki a bangon, da ɗan batirin da ke riƙe shi idan wuta ta ɗauke.

Wata shidan farko, ban taɓa ganin Yaya da walwala irin ta lokacin ba. Da yamma idan ya dawo aiki, ko takalmi bai gama cirewa ba zai durƙusa. Ya gina 'yan haya takwas, ya haɗa su da juna, sannan ya zare faifai ɗaya yana aiki don ya ga abin da zai faru. Ya sha share gidan gaba ɗaya, har tushen da 'yan hayan suke zaune a kai, ya sake ginawa daga farko. Idan abin ya rushe kaca-kaca sai ka ji yana tafi shi kaɗai. Matarsa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai gidan da ke murna gidansa ya faɗi ba.

Wanda ya fara shiga gidan hayan nan daga waje, Babanmu ne, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar wayar Umma ce ta fara mutuwa tana farfaɗowa, kuma a cikinta akwai saƙonnin muryarsa na shekara biyun ƙarshe, wajen guda ɗari da wani abu. Yawancinsu ba wata magana ba ce, yana tambaya ko an rufe famfo, yana cewa ya kusa isowa. Yaya ya kwashe su tsaf, ya buɗe musu ɗan ɗaki a akwatinsa, ya shirya yadda Umma za ta taɓa hoto ɗaya a sabuwar wayarta muryar ta fito. Tun daga ranar, kullum bayan abincin rana sai ta saurari biyu ko uku, tana ba shi amsa. Wa zai ce wannan kuskure ne?

Sai matarsa ta ga ai ga wuri, ta ce ya ajiye mata makin ɗalibanta da tambayoyin jarrabawa, don kwamfutar makaranta ba ta da tabbas. Ɗan lungu kawai take so. Bayanta sai mijin babbar yayarmu, mai kemis. Shi abin da ya dame shi ranakun lalacewar magunguna ne, da sunayen tsofaffin da ke karɓar maganin hawan jini da na suga duk wata, wa ke shan wane, guda nawa. Littafinsa ya jiƙe a damina, ya zo yana ta faɗa da kansa, Yaya ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Cikin mako biyu kemis ɗin gaba ɗaya ya koma dogaro da akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Mai gidan da suke haya ya ji labari, ya kawo kyamarar bakin ƙofa. Ni ma, tunda gaskiya ake faɗa, hotunan 'ya'yana tun daga haihuwa suna can. Na ce masa ɗan lungu kawai.

Ƙwaƙwalwar akwati kuwa ba ta ƙaruwa don dangi sun ƙaru. Duk wanda ya shigo, sai Yaya ya kori ɗaya daga nasa 'yan hayan na gwaji ya ba shi wuri. Daga takwas suka koma biyar, suka koma biyu. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce, ɗakin ɗan haya ɗaya kana iya farfasa shi sauran ba su sani ba, amma abin da Mai Rigar Sanyi take nema shi ne rushe gidan kansa a tayar. Wannan kuwa ba ya yiwuwa da mutane a ciki.

Ya gwada sau ɗaya. Wata Asabar da rana ya sanar da kowa cewa zai kashe na awa ɗaya. Kowa ya ce to. Minti goma sha biyu da kashewa surukinmu mai kemis ya kira, wai ga wata tsohuwa a gabansa ta manta sunan maganinta, ga layi har waje. Yaya ya ce ya ba shi minti arba'in. Surukin ya ce shi zai iya jira, jinin tsohuwar ne bai san ko zai jira ba. Yaya yana ajiye wayar sai ya hango Umma ta ƙofar ɗakinta, zaune a bakin gado, tana taɓa hoton nan tana sake taɓawa. Ta manta an gaya mata. Ba ta kira shi ba, ba ta yi ƙorafi ba, ta dai kife wayar a cinya. Yaya ya mayar da faifan da ya zare, ya danna makunni. Daga ranar akwatin bai sake mutuwa da gangan ba, shekara biyu cur.

Abin ya zame masa ƙarfen ƙafa. Tafiya ta kwana biyu ba ya yi, sai ya ce wa zai duba batir. Idan wuta ta ɗauke yana ofis, sai ya kira matarsa ta karanta masa fitilun da ke gaban akwatin. Surukinmu kuwa ya saba, ko linzamin kwamfutarsa ne ya maƙale sai ya kira. Na taɓa jin Yaya yana tambayarsa a waya, murya a gajiye, ko ya kashe ya kunna. Matarsa ta kalle ni ta ce, "Kin ji ko? Tagar ce ta biyo shi gida."

Ana cikin haka ɗaya daga mutum huɗun ɗakin sanyi ya ajiye aiki. Aka liƙa sanarwa cewa za a ɗauki mutum ɗaya daga cikin gida, gwaji nan da mako uku, kuma gwajin na hannu ne. Rabon da a buɗe gurbi a ɗakin nan shekara bakwai.

Yaya ya garzaya wurin Mai Tsofaffi neman ƙaramar kwamfuta ko wace iri. Dattijon ya ce ƙananan sun ƙare, sai wata mai zuwa, amma akwai wata gurguwa a bayan shago, ya zo ranar Asabar ya yi ta karya ta har ya gaji. Asabar ta farko faifai ɗaya a akwatin gida ya fara wani ƙara ƙyas-ƙyas, ya yini yana kwashe kayan mutane zuwa wani. Ta biyu makarantar matarsa ta matso da jarrabawa, sai an fitar da maki kafin Litinin. Ta uku ya samu ya je, ya yi awa ɗaya da 'yan mintuna, surukinmu ya kira. Sauran shirin a kan takarda ya yi shi, yana rubuta matakan yana haddacewa kamar ɗalibin da zai hau dandamali.

Ranar gwajin su uku ne. Matarsa ta goge masa riga, Umma ta yi masa addu'a har bakin ƙofa. Karo na farko a shekara goma sha ɗaya aka buɗe masa ƙofar ƙarfen nan ya shiga, ya ce sanyin har cikin haƙoransa. Mai Rigar Sanyi ta nuna wa kowa injinsa, kowanne da 'yan haya huɗu a ciki. Ta ce su zare faifai, su share tushen gaba ɗaya, su tayar da komai ya dawo aiki, minti arba'in. Ta ƙara da cewa babu komai mai amfani a ciki, don ɓarna aka ajiye su.

Yaya ya san matakan kamar sunansa. Ya kai hannu kan faifan, sai hannun ya tsaya. Ya ce min ba tsoro ba ne, shi dai ya ga kawai yana buɗe ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana duba abin da ke ciki. A na uku ya ga wasu takardu masu sunayen mutane. Ya ɗaga hannu ya tambaya na waye. Ta ce na ƙarya ne, ita ta ƙirƙire su. Ya ce to. Amma maimakon ya share, sai ya nemi wani wuri ya fara kwafe su, don ko da wani abu. Ya jira kwafin ya gama, ya duba ya tabbatar ya yi daidai, ya sake dubawa. Sai da ya ji ta kusa da shi ta ture kujera ta miƙe, sannan ya kalli agogo. Saura minti tara, kuma faifan yana nan inda yake.

Ya zare shi, ya share, ya fara gini da sauri, hannunsa yana tuna abin da ya saba shekara biyu baya. Lokacin da ta ce a tsaya, ɗan haya ɗaya ya tashi, uku suna kwance.

Wadda ta samu gurbin wata ce da shi da kansa ya koya wa aikin taga shekara uku da suka wuce. Ita kwamfutarta ta gida wata tsohuwa ce da murfinta ma ya ɓata, babu kowa a ciki sai ita. Ya yi mata murna da zuciya ɗaya, don Yaya ba shi da ƙyashi. Mai Rigar Sanyi ta biyo shi har taga, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce a duk shekarunta ba ta ga wanda ya tsaya ceton takardun ƙarya ba, kuma da kayanta ne a cikin inji, shi za ta so ya riƙe.

"To me ya hana?" in ji Yaya.

"Ban ga ka tayar ba," ta ce. "Na ga dai ba ka son ya faɗi. Kuma mutanen sama sun ce in na ɗauke ka daga nan, ba su san wa za su sa ba."

Ya koma kujerarsa. Wani ya turo kwamfuta ta ramin, ya tambaye shi abin da ya saba tambaya.

Da wata ya kama, Mai Tsofaffi ya aiko masa cewa ƙananan sun iso. Yaya ya je ya ɗauko ɗaya, wannan karon bai buɗe ko ɗaya ya leƙa ba. Dattijon bai ce ai na gaya maka ba, ya dai riƙe kwalin bai saki da wuri ba, ya ce, "Wannan marainiya ce, ka ji? Ba ta da dangi."

Na je gidan ranar da ya kawo ta, da la'asar. Ba zan ɓoye muku ba, wayata ta cika, kuma da niyyar a rage min na je. Na tarar da shi durƙushe, ya ɗora ƙaramar a kan babbar, yana neman yadda soket ɗaya zai ɗauki biyu. Fuskarsa ta ɗan yi irin hasken nan na wata shidan farko. Da na ga haka sai na tura wayata can ƙasan jaka, na ce gaisuwa ce ta kawo ni.

Muna zaune surukinmu ya yi sallama, ya kawo wa Umma maganinta. Ya ga sabuwar, ya tambaya, matar Yaya ta yi saurin cewa ta aikin ofis ce. Ya ce madalla. Har ya kai ƙofa sai ya juyo, ya ce shi fa tun ranar da faifan nan ya yi ƙara bai samu natsuwa ba. Idan babban ya mutu gaba ɗaya wata rana, ina sunayen tsofaffinsa? Ina muryar Baba? Tunda ga ta biyu Allah ya kawo, me zai hana a ajiye kwafin komai a ciki, don ko da wani abu? Ya ce shi ba wuri yake nema ba, ɗan lungu kawai.

Umma tana bakin ƙofarta, kuma ta ji an ambaci Baba, ta ɗago tana kallon Yaya. Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya fi kowa a ɗakin sanin cewa kaya irin wannan ba a barinsa wuri ɗaya, shi yake gaya wa mutane haka a taga kullum.

Ya daɗe da wayar haɗi a hannu, yana juya bakinta tsakanin yatsu.

"Gaskiyarka ne," ya ce.

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jona ƙaramar da babbar. Fitila ta yi kore. Umma ta koma ɗaki, can muka ji muryar Baba yana tambaya ko an rufe famfo.